Aron Da Masu Kwamfuta Suka Yi Wurin Magini

Ba kasafai a kan ga mai wata sana'a ya tafi ɗaukar karatu wurin mai wata sana'a dabam ba. Maƙeri ba ya zuwa wurin masaƙi ya tambayi yadda a ke zuga wuta, dukawa kuma ba su neman shawarar masunta. Amma a ƙasar Amurka an yi wani abu mai kama da haka, har ya isa a ba da labarinsa. Wani masanin tsara gine-gine ya rubuta littafi domin magina da masu gidaje. Abokan sana'arsa da yawa suka karanta, suka yaba, suka ajiye. Waɗanda suka karɓi littafin hannu bibbiyu su ne masu rubuta manhaja, watau jerin umurnin nan da a ke ba kwamfuta da wayar hannu su bi, mutanen da galibinsu ba su taɓa aza tubali bisa tubali ba.

Sunan mutumin Christopher Alexander. An haife shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin 1936. Yana ɗan shekara biyu iyayensa suka yi ƙaura zuwa Ingila domin gudun mulkin Hitila. Can ya girma, ya karanta lissafi da ilmin tsara gini a jami'ar Kambirij, sa'an nan ya haye Amurka ya ƙara karatu a Harvard. Daga 1963 ya zama malami a jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley.

Tun yana saurayi akwai tambaya guda da ta hana shi sakat. Me ya sa ɗakunan da mutanen ƙauye ke gina wa kansu, ba zane a takarda, ba takardar shaida, su kan dace da zaman masu su, alhali kuwa manyan gine-ginen da masu ilmi ke tsarawa sau da yawa su kan yi kyau a hoto amma su yi wuyar zama? A wani littafinsa, wanda ya fito cikin 1964, ya kawo misali da ɗakunan Musgum, mutanen da ke zaune a bakin kogin Logone, tsakanin arewacin Kamaru da Chadi. Ɗakin Musgum na laka ne zalla, ba azara, ba ginshiƙi. Gindinsa da kauri, yana tashi yana sirancewa har ya tsuke a bisa kamar an kifa ƙwai, waɗansu su kan kusan kai ƙafa 30. A jikinsa ta waje akwai waɗansu tudun laka jere-jere. Baƙo zai ce ado ne. To, ado ne, amma kuma su ne ke raba ruwan sama ya gangara ba tare da ya ci bangon ba, su ne kuma matakalar da mai ɗaki ke takawa sa'ad da ya ke gini, da sa'ad da ya hau yaɓe.

Abin da Alexander ya gano shi ne, a irin wannan wuri mai gini shi ne mai kwana cikin ɗakin. In wani wuri ya tsage, ran nan zai gani, ran nan zai liƙe. Abin da ya yi daidai kuwa al'ada ta riƙe shi, ba mai taɓawa. Da haka kuskure ke ta raguwa shekara da shekaru har siffar ɗakin ta zauna. Hausawa sun gama wannan magana tuntuni da suka ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Mai zane a ofis kuwa, kafin damina ta fari ta sauka bisa gininsa ya riga ya karɓi ladansa ya kama wani aiki, labarin yoyon ba zai taɓa isa kunnensa ba.

Maganin da ya fara nema ta hanyar lissafi ne. Ya zauna a wani ƙauye a Indiya, ya tsara bukatun mutanen wurin guda 141, tun daga wurin shayar da shanu har zuwa sha'anin ibada, ya sa kwamfuta ta rarraba su, ta nuna waɗanda ke ɗaure da juna. Ba a daɗe ba ya juya wa wannan hanya baya. Cikin 1971, da a ke sake buga littafin, ya bayyana cewa mutane sun shagala da lissafin sun bar abin da ya fi amfani, watau 'yan siffofin nan da ke fitowa daga ƙarshe, kowace tana warware matsala guda. Mai karatu ya riƙe wannan a zuci: mutumin da masu kwamfuta suka bi daga baya, shi da kansa ya fara da kwamfuta ne ya baro ta.

Waɗannan siffofi su ne ya yi shekaru yana tarawa tare da abokan aikinsa biyar, cikinsu har da Sara Ishikawa da Murray Silverstein. Cikin 1977 suka fito da littafi mai shafi fiye da 1,100, sunansa A Pattern Language. Abin da sunan ke nufi shi ne harshe wanda kalmominsa zubi ne. Zubi a nan ba zanen gida ba ne da za a kwafa. Dabara ce da aka daɗe ana maimaitawa domin wata matsala da ke ta komowa, kowa kuma ya yi ta gwargwadon filinsa da aljihunsa. Zubi 253 ne cikin littafin. Sun fara daga yadda za a raba ƙasa yanki-yanki, suka gangaro kan gari, da unguwa, da gida, da ɗaki, har suka ƙare a kan abin da mutum zai rataya a bangonsa. Kowanne an ba shi suna da lamba, an faɗi matsalar, an kawo hujja, an faɗi magani, sa'an nan an nuna manyan da ya ke ƙarƙashinsu da ƙananan da za su cika shi.

Ga kaɗan daga ciki. Na 159 ya ce ɗakin da haske ke shiga ta gefe biyu shi mutane suka fi son zama ciki, gama inda taga ɗaya ce tak, wanda ya ba ta baya ba a ganin fuskarsa sosai, hira kuwa ba ta daɗi in ba a ga fuska ba. Na 21 ya ce gidan zama kada ya wuce hawa huɗu, domin uwa ta iya leƙowa ta kira ɗanta da ke wasa a ƙasa. Na 242 kuwa a kan wurin zama ne a bakin ƙofar gida, inda mutum zai zauna ya ga masu wucewa. Wanda ya san dakali ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan.

Akwai biyu da suka fi sauran kusa da gida. Na 112 ya ce kada mutum ya faɗo daga titi zuwa cikin gida kai tsaye, a sa wani wuri tsakani inda haske zai sake, hanya ta karkata, hayaniyar waje ta sauka daga kansa. Na 127 ya ce a jera wuraren gida daga na kowa da kowa zuwa na masu gida kaɗai, domin kowane baƙo ya tsaya inda matsayinsa ya kai. Shi Alexander a ƙasar Peru ya lura da haka, amma duk wanda ya taɓa yin sallama a zaure, aka ce ya ƙaraso shigifa, ko kuwa aka bar shi nan zauren aka kawo masa ruwa, ya san abin tun ba a rubuta shi ba. Zauren attajiri dabam, na malami dabam, na talaka wani lokaci zana ce kawai aka karkata. Ba biyu da suka yi daidai da juna, duk da haka zubin guda ne.

Wani abin da ya kamata a yaba wa marubutan shi ne, ba su ce duk abin da suka faɗa yankan wuƙa ne ba. Zubin da suka amince da shi ƙwarai sun sa masa tauraro biyu, wanda su ke ganin da sauran gyara tauraro ɗaya, wanda kuwa gwaji ne kurum suka bar shi ba tauraro. Ba kowane malami ke yarda ya nuna wa almajiri inda ƙafarsa ba ta taka sosai ba.

Amma fa manufar littafin ba ta tsaya ga tara dabaru ba. Nufin Alexander shi ne a mayar wa mai ɗaki ikon da aka karɓe masa. In mutane suka san waɗannan kalmomi, a ganinsa, za su iya tsara gidajensu da unguwarsu da kansu, masani ya zama mai taimako kawai. Ya gwada wannan a garin Mexicali na ƙasar Meziko wajen 1976. Iyalai suka fita fili, kowa ya kafa turaku ya shata ɗakunansa a ƙasa, suka yi gini da hannunsu. Gida 30 aka yi niyya, biyar aka gama, hukuma ba ta ci gaba ba. Abokan sana'arsa da dama suka ɗauke shi mai son mayar da duniya baya.

To, ta ina masu kwamfuta suka shigo?

Manhaja babba ta kan ƙunshi layin rubutu dubu ɗaruruwa, wata har miliyoyi, hannu da yawa ne ke rubuta ta, kuma ba a taɓa gama ta. Yau a ƙara wannan, gobe a rushe wancan, wanda ya fara aikin ya tafi, wani ya gada. In tun farko ba a raba sassanta da hikima ba, sai a taɓa nan can ya faɗi. Masu wannan sana'a sun lura gwanayensu na da waɗansu dabaru da su ke maimaitawa, amma dabarun na cikin kansu ne, ba suna, ba hanyar koya wa na baya sai ta daɗewa tare.

Cikin 1987 waɗansu mutum biyu, Kent Beck da Ward Cunningham, waɗanda suka karanta littattafan Alexander, suka yi wani gwaji a kamfanin Tektronix da ke jihar Oregon. Ana son a tsara fuskar wata manhaja, watau abin da mai aiki zai riƙa gani yana taɓawa. Maimakon su tsara da kansu, sai suka rubuta zubi biyar 'yan gajeru, kamar cewa kowane aiki a ba shi tagarsa, kada kuma a cika jerin zaɓi da tsawo, suka miƙa wa waɗanda ke wakiltar masu amfani da na'urar, suka ce su tsara. Abin ya fito da kyau har ya ba su mamaki, suka kai labari wani babban taron masana a Orlando a wannan shekara. A wannan gwaji na fari an bi Alexander sau da ƙafa: mai ɗaki aka ba alƙalami.

Abin da ya bazu cikin duniya kuwa wani ne dabam. Cikin 1994 mutum huɗu, Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides, suka buga littafi mai suna Design Patterns, mai zubi 23. Sun kasa su uku: biyar kan yadda a ke ƙirƙiro sassan manhaja, bakwai kan yadda a ke haɗa su, 11 kan yadda su ke ma'amala da juna. Tsarin bayanin na Alexander ne, suna da matsala da magani da abin da zai biyo baya, sun kuma ambace shi tun a farkon littafin.

Ko da ya ke abin na masana ne, ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san yadda a ke tafiyar da mulki. Akwai zubin da a ke jera sassa, bukata ta shigo ta wurin na fari, in ya iya ya biya ta, in bai iya ba ya miƙa wa na gaba. Haka ƙara ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa Sarki, mai ƙara kuwa ba ruwansa da sanin inda za ta tsaya. Akwai wanda aikinsa na tafinta ne, ya shiga tsakanin sassa biyu da ba su jin maganar juna. Akwai na wakili. Akwai wanda wani sashe ke riƙe da sunayen masu son labari, da zarar wani abu ya sake sai ya aika wa kowa, kamar yadda ofis ke rarraba takardar sanarwa ga gundumomi. Akwai wanda ke tabbatar da cewa wani abu guda ɗaya ne tak cikin manhaja duka, kamar yadda a zamanin En'e baitulmali ɗaya ne, kowa can ya ke kai haraji. Akwai ma wanda suka ba sunan fuskar gini, ƙofa guda mai sauƙi da ke rufe ɗakuna barkatai a bayanta, mai bukata ya tsaya nan a biya shi. Wannan kam zaure ne.

Amfanin da aka samu ba kaɗan ba ne, kuma mafi yawansa daga suna ya fito. Sarkin magina in ya ce wa yaransa rufin nan ɗaurin guga za a yi, ko kuwa a tayar da bakan gizo a nan, ya gama magana, ba sai ya zana kowace azara ba. Haka mai rubuta manhaja a Indiya da wani a Jamus, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, kalma guda ta ishe su fahimtar abin da dā sai an cika shafi uku. Littafin ya shiga makarantu, aka juya shi cikin harsuna da yawa.

Sai dai duk abin da ya zama karatun jarrabawa ya kan sake hali. Samari suka haddace 23 ɗin nan kamar ƙidaya, suka riƙa cusa su inda ba a bukata domin a ce sun iya, aikin layi goma ya koma ɗari. Cikin 1996 wani masani, Peter Norvig, ya nuna cewa 16 daga cikinsu su kan sauƙaƙa ko su ɓace sam in an yi rubutun da waɗansu harsunan kwamfuta, watau waɗansu ba hikimar har abada ba ce, toshe ɓarakar kayan aiki ne. Shi kansa Gamma, da aka yi hira da shi cikin 2009, ya ce da za a sake littafin zai so a cire zubin nan na abu guda tak, domin yawanci inda aka gan shi akwai wata matsala a ɓoye.

Cikin 1996 ɗin nan ne masu manhaja suka gayyaci Alexander ya yi jawabi a babban taronsu a San Jose. Ya zo, ya yi godiya, ya nuna mamakinsa da samun almajirai inda bai yi shuka ba. Sa'an nan ya gaya musu abin da ba kowane baƙo zai gaya wa masu masaukinsa ba. Ya ce ya ga sun ɗauki tsarin rubuta zubi, tsari ne kuwa mai kyau na musayar dabara. Amma shi abin da ya sa ya yi aikin shi ne rayuwar ɗan Adam ta gyaru cikin abin da aka gina, kuma zubi su haɗu su haifi abu guda cikakke. Ya tambaye su ko nasu na yin haka. Ya kuma roƙe su su ɗauki nauyin, tun da ya hango nan gaba manhaja ce za ta riƙa sarrafa yawancin abin da a ke ginawa a duniya.

A yi wa mutum huɗun nan adalci. A ƙarshen littafinsu sun faɗa da bakinsu cewa nasu tari ne kawai, bai kai harshe ba, ba su kuma yi da'awar zai haifi manhaja cikakkiya ba. Sun ce gini ya yi shekaru dubbai, sana'arsu kuwa jiya aka haife ta. Har wa yau wani masani, Richard Gabriel, ya kawo hujja mai ƙarfi cikin littafinsa na 1996, wanda Alexander ya rubuta wa gabatarwa. A ganinsa mazaunin cikin manhaja shi ne mai gyaranta, wanda zai shekara yana shiga yana fita cikin rubutun, saboda haka tsara ta yadda zai ji daɗin zama ciki shi ma bin Alexander ne. Wannan gaskiya ne, amma rabinta. Mai sayar da hatsi da ke tsaye a kasuwa, mai saye na jira, yana ta danna waya domin ya ga ko kuɗi sun shigo, manhajar kuwa ta ɓoye abin da ya ke nema a bayan ƙofa huɗu da Turancin da bai iya ba, shi ma mazauni ne. Ya san inda ke yoyo sarai. Ba shi da laka, ba shi da matakala, bai kuma san ƙofar maginin ba. Mai yiwuwa ne a buɗe cikin wannan manhaja a tarar da zubi 23 ɗin nan an jera su tsaf.

Abin mamaki, nufin Alexander bai mutu cikin sana'ar ba, sai dai ya bi ta wata ƙofa wadda ba ta ɗauke da sunansa. Mutum biyun nan na gwajin 1987 su suka riƙe shi. Beck ya fito da wata hanyar aiki, ya bayyana ta cikin littafi a 1999, inda ya ce a riƙa gina manhaja kaɗan-kaɗan, ana gwadawa ana gyarawa, kuma lalle wakilin masu amfani da ita ya zauna ɗaki guda da masu rubutu. Cikin 2001 shi da Cunningham na cikin mutum 17 da suka taru a jihar Utah suka sa hannu a wata takarda mai wannan manufa, wadda kamfanoni da yawa suka ce sun bi, ko da ya ke sau da yawa kujerar wakilin nan wani ma'aikacin kamfanin ne ke zama kanta.

Cunningham kuwa wurin ajiya ya nema, inda masu manhaja za su tara zubin da suka gano. Cikin 1995 ya buɗe wani shafi a intanet wanda duk mai karatu ke iya gyara shi nan take, ba sai ya nemi izni ba. Ya sa masa suna wiki, daga kalmar mutanen tsibirin Hawai mai nufin sauri. Mutane suka ce mahaukata za su ɓata shi cikin kwana biyu. An ɓata ɗin, ba sau ɗaya ba, amma masu gyara suka fi masu ɓarna yawa. A kan wannan dabara aka kafa Wikipedia cikin 2001, wadda ke da sashen Hausa. Wanda ya tarar an rubuta sunan garinsu ba daidai ba a can, yana iya hawa ya yaɓe wurin da hannunsa, in kuwa shi ne ya karkata, wani ya biyo baya ya daidaita.

Alexander ya ci gaba da gini da rubutu. Ya gina wata makaranta kusa da Tokyo cikin shekarun 1980, inda ya fara da tambayar malamai da ɗalibai irin wurin da su ke so, aka kakkafa tutoci a fili ana matsar da su har kowane gini ya sami mazauninsa, kafin a zana kome a takarda. Ya rasu a Ingila cikin watan Maris na 2022, yana da shekara 85.